Shekarar da Ya'u Ya Ƙi Yin Duba

Bana ma ruwa ya yi mana nawa. An yi yayyafi guda a farkon wata, wanda ko tsakar gida bai jiƙa sosai ba, masu gaggawa suka fita da sungumi, ga shi yanzu shukar tasu ta tsaya a gona ta yi ja, ta nannaɗe. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, ya yi baƙi, ya yi cida har mata su kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi. Ni yanzu ba na ma yawan ɗaga kai, wuyana ba ya so. Amma wannan zafin mai manna wa mutum riga a baya tun da hantsi, jikina ya san shi, don na taɓa zama a cikinsa ina sabon malami, a wannan ƙauyen namu na ƙasar Bagwai, shekarar da azumi ya same mu babu ruwa a sama, babu hatsi a rumbu.

'Yata Nafisa ce ta tono mini zancen, ba da niyya ba. Ita ce auta, tana karatun digiri na biyu a birni, ta zo hutu da kwamfutarta wadda ba ta ajiyewa ko tuwo take ci. Na tambaye ta me take ta leƙe a ciki haka, ta ce sakamakon jarrabawar kimiyya ne na yara dubbai daga makarantu birjik. Wai ba jimillar maki take nema ba, wannan tsohon yayi ne, tana faɗa tana kallona ta gefen ido. Kowace tambaya an ɗaure ta da fasahar da take buƙata, wata sai ka iya lura, wata aunawa, wata rarrabe abubuwa, wata karanta zane, wata kuma hasashen abin da zai biyo baya. Daga yadda yaro ya ci waɗansu ya faɗi waɗansu ne kwamfuta take gano wadda ya iya da wadda bai iya ba, ta sa masa kore a nan, ja a can. Kamar likita, in ji ta, ba ya tsayawa a cewa ba ka da lafiya, sai ya ce hanta ce ko ƙoda. Rabin bayanin da Turanci ta yi shi, ta manta uban da take yi wa shi ya koya mata baƙaƙen.

Na ce mata wannan tsohon yayin da take rainawa a gabansa aka fara gwada irin nata, tun ba a haifi babbar yayarta ba. Sannan na tambaye ta, in yaro ya bar wuri fari bai taɓa shi ba fa, yaya ake yi da shi? Ta ce galibi faɗuwa ake lissafa masa. Na ce haka ne, haka aka yi wa Ya'u. Ta ce wane Ya'u, Baba Ya'u na bayan gidanmu mai tari? Na ce shi.

Ya'u ɗan Baba Tanko ne, maƙwabcina a gida kuma maƙwabcina a gona. Gonakinmu na nan ba su da faɗi, gamba ce kawai take raba ta wani da ta wani, in ka yi atishawa a taka maƙwabci ne zai yi maka addu'a daga tasa. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, shi kuma yana ajin ƙarshe. Siriri ne mai manyan kunnuwa, ba ya son magana, in ka kira sunansa sai ya kalli ƙasa kamar ya yi laifi. Ba mu da ɗakin gwaji, gwangwanayen madara da kwalabe da kyandir su ne kayan aikina. Amma in na kunna kyandir na kifa masa kwalba na ce me kuke tsammani, kafin sauran su gama hamma Ya'u ya ce zai mutu, kuma na cikin babbar kwalba zai fi daɗewa. In na zuba ruwa a faranti da kuma kwalba na ajiye a rana, ya san wanda zai riga ƙafewa, ya kuma san dalili. Na yi aikin nan har na yi ritaya, ban sake samun yaron da yake hango ƙarshen abu tun daga farkonsa kamar shi ba.

Shekarar ta fara ne kamar kowace. Da bazara muka yi sharar gona, muka ƙona tushiya, jakuna suka yi ta jigilar taki a mangala ana zubewa tsibi-tsibi. Rumbuna dama ba su cika ba a kakar da ta wuce, amma kowa na cewa in ruwa ya sauka da wuri za a lallaɓa. Waɗansu suka yi binne, suka zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, zabi da ɓeraye suka tone rabinsa. Ruwan farko ya zo da ƙarfi, muka fita gari guda, manya na sara da sungumi, yara na bi suna jefa iri suna takewa da diddige, makaranta ma sai da ta tashi don babu wanda ya zo. Gero ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta rufe. Muna kallo ya yi laushi da rana ya farfaɗo da asuba, ya yi laushi ya farfaɗo, ran nan bai farfaɗo ba. Aka sake yin wani ɗan ruwa, aka sake shuka, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Iri na biyu ke nan ya tafi, kuma irin nan daga bakin yara aka cire shi.

A gidana, ni mai albashi ke nan, matata Hajara ta mayar da tuwo sau ɗaya a yini, daga baya tuwon ya koma kunu. Albashin sai ya ga dama yake zuwa, in ya zo kuma ka kai shi kasuwa ka dawo da abin da za ka riƙo a hannu ɗaya. Gidajen da ba su da ko wannan suka koma dusa da garin ɗorawa, da ganyen zogale in mutane da awaki sun rage. Aka yi ta kora dabbobi kasuwa, ƙashin haƙarƙarinsu a waje, babu mai saye don kowa sayarwa ya zo yi. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga na dawowa da rabin yashi, mata su yini a bakinta suna jiran ta tsatso. Muka yi gayyar yasa, muka zura mutum da igiya ya yi ta miƙo laka, ruwan da aka samu ja ne, sai an jefa masa alif kafin ya kwanta. Da yamma Hajara takan miƙa ƙwaryar kunu ta saman danga zuwa gidan Baba Tanko, ta ce wai ya yi mata yawa. Ni da ita mun san bai yi yawa ba, su ma sun sani.

A haka watan azumi ya kama. Ban taɓa yin mai nauyinsa ba, kafinsa ko bayansa. Sahur kunu ne, buɗa-baki kunu ne, bambancinsu na yamma da tsamiya. Kafin azahar harshe ya bushe ya yi kaushi, leɓe ya tsage, ƙurajen zafi su feso a wuya da baya, maza su bi inuwar katanga suna jiƙa tsumma suna ɗorawa a ka. Ajinmu rufin kwano ne, yana ƙara ƙas-ƙas saboda rana, yara su kifa kai a benci, ni ma in na juya zan yi rubutu sai na dafa allo don jiri. Ban hana kowa barci ba a watan nan, ba ni da ƙarfin hanawa.

Wata la'asar Baba Tanko ya same ni a ƙofar gida, ya tsuguna nesa da tabarma kamar ba shi ne ya girme ni ba. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke kafin ya ce ƙanen matarsa, wanda yake dako a wata kasuwa can Kurmi, ƙasar kudu, ya aiko yana son yaro. Gidan ba zai iya ɗaukar bakunan da ke cikinsa ba, dole ɗaya ya fita, kuma Ya'u ne babba. Na ce ya yi wa Allah ya dakata. An aiko mana da sanarwa za a yi wata babbar jarrabawar kimiyya a duk makarantun jiha, irin wadda ba a taɓa yi ba, don a gano inda ciwon karatun yara yake, fasaha bayan fasaha. Kuma yaron da aka samu ya riƙe kowace ɗaya, ko da daidai gwargwado ne, za a ɗauke shi makarantar kimiyya ta kwana, a ciyar da shi a can. Na ce in dai kai ake nema, Ya'u ya riga ya shiga.

"To Malam, ko makaranta ko Kurmi, duk fita ce," in ji shi. "Na bar maka shi har sakamako ya fito. Bayan nan kada ka sake roƙona, nauyinka nake ji."

Tun daga ranar na riƙe yaron a jikina. In an tashi daga makaranta sai mu zauna a zaurena, inda ƙasa take da ɗan sanyi, in yi ta jefa masa tambayoyi da Turanci, don a nan ne kawai nake jin tsoro. Muryarsa ta dushe saboda ƙishi, wani lokaci sai dai ya nuna amsar da yatsa. Bai taɓa ce mini yana son makarantar ba, ba ya cikin masu faɗin abin da suke so. Sau ɗaya dai ya tambaye ni ko gaskiya ne a can akwai madubin da ake ganin abin da ke cikin ɗigon ruwa. Na ce akwai, kuma zai taɓa shi da hannunsa.

Ana cikin haka wani baƙo ya sauka ranar kasuwa da faifan yashi a jaka, wai mai duba ne, yana ganin ranar da ruwa zai sauka. Mutane sun riga sun gaji. Mata suka yi ta aika masa da kaji, wasu da ɗan hatsin da ya rage a gindin tukunya, har da maza masu gemu da suka bi ta bayan gari don kada a gan su. Ya zana yashinsa ya ce Alhamis. Alhamis ta zo, rana ta fito fes ta faɗi fes, aka nemi baƙo aka rasa, da shi da kajin.

Washegari Juma'a limaminmu Malam Hudu, mutum mai sanyin hali wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya hau mumbari, ran nan sai da ya ɗaga. Ya ce irin wannan ne yake rufe sama. Ya ce sanin abin da zai zo na Allah ne shi kaɗai, mai duba da wanda ya je wurinsa duk sun sa hannu a abin da ba nasu ba, balle da azumi a baki, kuma laifin mutum ɗaya yana iya hana gari guda ruwa. Ya yi kuka, mu ma muka yi. Yaran ajina suna sahun baya a cikin rana, ƙafafunsu a kan yashi mai zafi, sun kuma ji kowace kalma. Bayan nan muka fita roƙon ruwa filin idi da riguna a juye, tsofaffi da yara har da awaki, muka dawo babu ko ɗan gajimare da ya raka mu.

A makon ne jarrabawa ta zo. Mota ta kawo takardu a cikin kwali, tare da wani saurayi daga birni da zai tsare ajin. Yaro ne mai fara'a da son barkwanci, ya gaishe ni da ladabi, ya raba wa kowa sabon fensir, abin da wasunsu ba su taɓa riƙewa ba. Tambayoyin da Turanci suke, amsa kuma 'yan da'irori ne ake cikewa, na'ura ce za ta yi maki a birni, amma an ba shi izinin ya yi wa yara bayanin kowane sashe da Hausa. Dokar ita ce malamin makarantar ba ya shiga, don haka na koma inuwar bishiya na zauna ina kallon taga. Can wajen ƙarshe na ji ya faɗi wata magana ya yi dariya. Dariyarsa kaɗai na ji, babu yaron da ya taya shi, na ɗauka ƙishirwa ce. Da suka fito na tare Ya'u na ce yaya, ya kalli ƙasa ya ce alhamdu lillahi. Na saki raina.

Ba a rufa mako ba ruwa ya sauka. Da hantsi ya zo, muna aji, iska mai sanyi ta fara shigowa ta taga da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai kwano ya ɗauki ƙara har ba ka jin na kusa da kai. Yara suka fice ba da izini ba, suka tsaya a fili baki a rufe gam don kada ɗigo ya shiga ya karya musu azumi. Na ga Ya'u a cikinsu, hannuwa a sama, yana dariya da baki a rufe, ban taɓa ganin sa haka ba. Iri kuwa babu. Sai Hajara ta jawo wani tulu daga bayan gado, an toshe bakinsa da toka, gero ne ta ɓoye mini tun kaka, ta ce da na san da shi da tuni na rabar. Gaskiyarta, a ranar na raba shi biyu, ni da Baba Tanko. Aka yi shuka ta uku, aka yi noma da gayya, yau gonar wane gobe ta wane, babu tuwon gayya sai tafasa da rama da suka fara tsirowa, a kwaɗa da ɗan ƙuli in akwai. Sallah ta zo babu wanda ya yi ɗinki. Daminar ba ta yi tsawo ba, gero ya fitar da kai kamar yatsa, ruwa ya ɗauke kafin dawa ta cika ido.

Muna cikin girbin wannan ɗan abin sakamako ya iso, hedimasta ya aiko a kira ni daga gona. Takarda ce doguwa, makarantun jiha a jere, a gaban kowace an nuna ƙarfinta a kowace fasaha. Tamu ba ta ji kunya ba a lura da aunawa da sauransu. Amma a hasashe babu komai. Ba kaɗan ba, babu. A ƙasa an rubuta cewa ɗaliban wannan makaranta ba su mallaki wannan fasaha ba sam, ana ba da shawarar a tura malaminsu bita. Na nemi sunan Ya'u, a duk sauran ya kai ƙololuwa, a wannan ɗaya sifiri, kuma ba ya cikin waɗanda aka ɗauka. Na karanta na sake karantawa. Da wata fasahar ce da na ce yunwa ce ta kayar da shi, amma hasashe, a wurin Ya'u?

Na same shi a gonar ubansa yana ɗaure dami. Raina a ɓace yake, ko gaisuwarsa ban bari ya ƙarasa ba.

"Me ka cike a sashen ƙarshe?"

"Ban cike komai ba, Malam."

"Lokaci ne ya ƙure?"

"A'a. Mai tsaron ne ya ce nan kuma duba za mu yi masa, mu zama malaman duba mu faɗi abin da zai faru."

Na ce wasa yake yi, ai abin da muke yi ne a aji da kyandir da kwalba. Ya ce ya gani, tambayoyin ma ya san amsarsu, akwai har da ta faranti da kwalba a rana. Amma ni ban taɓa kiran abin duba ba, me kuke tsammani nake cewa, wannan kuwa shi ya zo da takardar daga birni, ya fi sanin sunan abin da ya kawo. Ya ce da mutumin ya faɗa sai suka kalli juna, shi ya fara ajiye fensir, na kusa da shi ya ajiye, haka har bayan aji. Sannan ya ɗago, abin da ba ya yi, ya dube ni ido cikin ido.

"Shukar Baba ta ƙone sau biyu, Malam, kuma da azumi a bakina. Ga shi kuwa da muka bari an yi ruwa."

Na ja shi har zauren Malam Hudu da ƙaiƙayin gero a jikinmu, na zayyana masa komai. Liman ya yi salati ya riƙe kai. Ya ce wa Ya'u wannan ba duba ba ne ko kusa, hankali ne da Allah ya ba ɗan Adam, irin wanda mace take ganin hadari da shi ta kwashe shanya, shi da mai faifan yashi yake, ba da masu karatu ba. Gaskiya ya faɗa, kuma dole ya faɗe ta. Amma ina kallon fuskar yaron lokacin da maganar take shigarsa. Ya shigo zauren nan da abu ɗaya a hannu, cewa ya ba da makaranta ya samo wa gari ruwa, ya fita babu makarantar babu wannan ɗin. Ya tambaya a hankali, ruwan fa? Liman ya ce ruwa lokacinsa ne ya yi. Ya'u ya ce to, ya tashi ya koma ɗaurin daminsa.

Na hau motar kasuwa na tafi birni, ofishin da ya shirya jarrabawar. Na yini a benci kafin wani jami'i mai furfura ya saurare ni. Da na kai wurin duba sai ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina. Mutumin kirki ne. Ya buɗe mini wani ɗaki cike da kwalaye har rufi, ya ce takardun yara ne dubbai a nan, na'ura ba ta san wanda ya bar wuri don bai sani ba da wanda ya bari don wani dalili, fari fari ne a wurinta. A lissafin jiha kuwa ajinmu ko motsa alƙaluma bai yi ba, gurabe an cike, yara har sun kama karatu. Ya ce a kawo yaron baɗi. Na ce baɗi ba ya nan. Ya ce to sai haƙuri. Bitar dai ba a yafe mini ba. Na je na zauna ana koya mini yadda ake koyar da hasashe da kyandir da kwalba, ana ba mu shinkafa da nama da rana.

Ban sake roƙon Baba Tanko ba, tun da ya riga ya ce kada in yi. Na dai gaya masa yadda aka yi, ya ce yaron bai yi laifi ba, tsoron Allah ya ji. Na ce haka ne. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau, na nemi wanda zan ɗora wa in huta na rasa. Saurayin nan so ya yi ya sake da yara masu azumi, liman kuwa da ɓarawon kaji yake. Ya'u ya tafi wata safiya a bayan motar shanu, da ƙullin kaya a buhu da fensirin nan a aljihun gaba. Ya daɗe a Kurmi yana dako, sai da ubansa ya rasu ya dawo, da tari a ƙirji da kafaɗa ɗaya a karkace, ya karɓi 'yar gonar nan da gamba ta raba da tawa. Yanzu gemunsa ya kusa kamo nawa fari, kuma har yau in ya gan ni sai ya tsuguna.

Bana ba kamar waccan ba ce, ban ce ita ce ba. Akwai burtsatse mai aiki da hasken rana a bayan masallaci, mata ba sa yini a bakin rijiya. Hatsi ya yi tsada amma akwai shi, mota na kawowa. Samari na zaro waya su ce wai an ce jibi za a yi ruwa, babu wanda ya taɓa ce wa wayar mai duba, in jibin ta zo a bushe a yi tsaki a mayar da ita aljihu. Da na gama ba Nafisa labarin ta ce yanzu in aji guda ya bar sashe guda fari za a iya gani, in dai an nema. Na ce madalla, to wa zai hau mota ya je ƙauyen ya tambayi yaran me aka ce musu? Ta ce a nata bayanan ma babu sunaye, lambobi ne kawai. Tun daga ranar ta rage surutu, na ga tana ta neman wani abu a cikin kwamfutar.

Jiya da la'asar ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida Nafisa ta fito ta zauna a gefen tabarma, ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Ta samo wani aji, a wata makaranta da ba ta san sunanta ba, duk yaransa kore ne ko'ina sai a wuri ɗaya da suka yi ja daga na farko har na ƙarshe. Muna kallo ke nan sai ga Ya'u ya taho daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya tsuguna muka gaisa, ya tambayi Nafisa, wadda yake kira Malama, yaya karatu. Hadari ya haɗo a gabas kamar kullum, ni dai ban ga abin da ya fi na shekaranjiya da shi ba. Na ce Ya'u, ya kake ganin wannan? Ya juya ya dube shi ya daɗe, ya dubi ganyen darbejiya, ya shaƙi iska har tarin ya taso masa. Na san kallon nan, na sha ganin sa a kan kyandir. Leɓensa ya motsa.

"Allah masani, Malam," in ji shi.

Ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa, ya ɗauki fartanyarsa. Har ya fara tafiya sai ya tsaya, bai juyo ba.

"Sai dai da Malama ta shiga da na'urarta ciki."

Nafisa ta rufe kwamfutar ta tashi, ba ta kai bakin zaure ba ɗigon farko ya faɗo a kan murfin. Ta tsaya da ita rungume a ƙirji tana kallon bayansa, yana sauri da karkatacciyar kafaɗarsa zai je ya fito da iri.